Ko Hannun Nan Zai Dawo? Lacca a kan Shanyewar Ɓarin Jiki



Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san cewa, da zarar an tabbata rai ya tsira, abin da iyali ke fara tambaya shi ne: "Likita, hannun nan zai dawo kuwa?" Galibi amsar ba ta wuce "sai yadda Allah ya yi", kuma ko da yake babu muminin da zai musanta wannan, ina ganin likitan da ya tsaya nan bai sauke amanar da ke wuyansa ba, domin sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, amma duban alama a ciro hukunci daga gare ta aikin ma'abota ilmi ne.

Asalin mas'alar wata hanyar jijiyoyi ce da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, ta ƙetara zuwa ɗaya ɓarin, ta bi laka tana kai umarni har yatsu. Gwargwadon abin da ya kuɓuta daga gare ta, gwargwadon abin da hannu zai maido. A 2010 masu bincike a ƙasar Holan suka tarar cewa majinyacin da, a rana ta biyu, ya iya ɗan buɗe yatsunsa ya kuma ɗaga damtsensa gefe, 98 cikin 100 na irinsa suna samun wani amfanin hannu a wata shida, alhali waɗanda suka kasa ba su wuce 25 cikin 100 ba.

A bisa irin wannan hujja Farfesa Cathy Stinear ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta suka fitar da tsarin PREP2 a 2017. Cikin kwana uku na farko sai a ce wa majinyaci, "Baba, ɗaga hannu gefe, to, buɗe yatsu," a ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 5. Wanda ya haɗa 5 ko fiye, kuma bai kai shekara 80 ba, ana kyautata masa zaton warkewa mai yawa a wata uku. Wanda ya gaza haɗa 5, sai a ɗora masa na'urar maganaɗisu a ka, a duba ko tsokar hannu za ta amsa. Kirdadon yakan dace ga mutum uku cikin huɗu, saboda haka bai halatta a yanke wa kowa ƙauna da shi ba. Fa'idarsa a san inda za a sa ƙarfin gashi da motsa gaɓoɓi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, matakin farkon nan ba ya bukatar na'ura ko wuta, amma sau da yawa akan tsare mara lafiya a gida ana cewa iska ce ta buge shi, har wata ukun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara su shuɗe. Ina roƙonku, don Allah, ku kai shi asibiti a ranar da abin ya faru. Ku kuma likitoci, ku gwada kafaɗa da yatsu, ku faɗa wa iyali abin da kuka gani.