Shekara 7 a Aljeriya: daga yaushe ake fara ƙirgawa?

 

Yau maganar takardar zama ɗan ƙasa za mu yi. Abin da ya taso da ita shi ne labarin da ke yawo a wayoyi, wai ƙasashe sun fara ƙara wa baƙo shekarun jira. Akwai gaskiya a ciki. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da shawarar mayar da shekara 5 zuwa 10 kafin baƙo ya samu izinin zama na dindindin, wanda shi ne matakin da ake takawa kafin zama ɗan ƙasa. A shekarar ce kuma gwamnatin Fotugal ta nemi a ɗaga nata jiran daga 5 zuwa 10. Jamus kuwa ragewa ta yi a 2024, daga 8 zuwa 5. To amma kun san labari in ya ratso hamada, kafin ya iso bakin rijiya sunan ƙasar ya faɗi a hanya. Sai ka ji ana "an ce za a ƙara", ba mai faɗin ina ne. Mai shekara 6 a Tamanrasset sai hankalinsa ya tashi, dillalan takardun jabu kuma kasuwa ta buɗe musu.

Mu dawo nan gida. Dokar zama ɗan ƙasar Aljeriya ta 15 ga Disamba 1970 ce, aka yi mata babban gyara ranar 27 ga Fabrairu 2005. Ta ce baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa sai ya shekara 7 aƙalla yana zaune a ƙasar ranar da ya kai buƙatarsa, kuma gyaran 2005 bai taɓa wannan adadi ba. Muhawarar da ta fi zafi a Aljeriya a 'yan shekarun nan ta ƙwace takardar ce daga hannun wanda ake zargi da cutar da ƙasa. A watan Maris na 2021 ministan shari'a na lokacin, Belkacem Zeghmati, ya gabatar da daftari a kan haka, shugaba Tebboune ya ce an janye shi a watan Afrilu. Wannan daban, shekarun jiran baƙo daban, kada a gwama muku su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Malam, kai da ka ce ka shekara 20 tsakanin Silet da Tamanrasset, kowa ya san ka, limamin unguwa ma zai shaide ka, wa zai ƙirga maka shekarun nan? Ma'aikatar shari'a da ke Aljas, inda ake kai buƙatar, ba ta san fuskarka ba. Takarda take karantawa. Takardar kuwa ita ce katin zama, wanda dokar baƙi ta 25 ga Yuni 2008 ta tsara. Katin na shekara 2 ne, ana sabunta shi. Wanda ya shekara 7 a jere bisa ƙa'ida ana iya ba shi na shekara 10. Shekarun da ka yi ba kati, kana kewaye shingen jandarma, ko sun kai 20 ba ka da abin da za ka nuna a kansu. Gara mutum ya ji wannan yau da ya ji shi a gaban teburin ma'aikaci.

Akwai kuma wani sashe na dokar 2008 da ya fi shafar ku masu tafiya. Mai katin zama in ya bar ƙasar shekara guda cur bai shigo ba, ya rasa matsayinsa na mazauni. Ku auna wannan da rayuwarku. Fari ya yi a Ahaggar, ka kora raƙuma kudu, ka iske ciyawa a Tamesna ko Azawak, ka ce bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ɗari ya shigo, taguwa ta haihu, ɗan bai yi ƙwarin tafiya ba. Kafin ka ankara wata 12 sun cika. Ko ku tuna watan Maris na 2020 da aka rufe iyakoki saboda korona: wanda rufewar ta iske a waje ba shi da ta cewa. Kuma in ka dawo ta daji, ba ta ƙofar Ingezam ba, ba hatimi a fasfo, to ko wata 3 kawai ka yi a waje da me za ka tabbatar? Hatimin nan da kuke ganin ɓata lokaci ne, shi ne mai shaidarku.

A ganina an rubuta dokokin nan ne da mutumin birni a zuciya, mai gida ɗaya, mai albashi, mai lambar ƙofa. Dubi sauran sharuɗɗan: ka balaga, kana da kyakkyawan hali, kotu ba ta taɓa yanke maka hukunci na abin kunya ba, kana da lafiyar jiki da ta hankali, ka saje da jama'ar ƙasa, kuma kana da abin da zai riƙe ka. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin wuya. Mai raƙuma 50 ya fi ma'aikata da yawa dukiya, amma garke ba ya shiga cikin fayil. Haka mai kawo tumaki, gero, lalle ko rawani yana musaya da dabino da gishiri, ko wanda ba ya fashin kasuwar Assihar. In duk cinikin da sunan wani ake rubuta shi, a idon hukuma kai ba ka da sana'a. Saboda haka takardar aiki, rajistar kasuwanci, rasit na haraji, takardar haya, duk wadda ta zo da sunanka ka adana ta cikin leda, kada ta zama abin kunna wutar shayi.

Ko ka cika komai, doka ta bai wa minista ikon ƙin amincewa. In an amince, da dokar shugaban ƙasa ake ba da ita, kuma 'ya'yanka da ba su balaga ba suna shiga tare da kai. In daga baya, cikin shekara 2, aka gano da ƙarya ka samu, ana iya karɓe ta.

Sai hanyar aure, wadda gyaran 2005 ya buɗe. Wanda ya auri 'yar Aljeriya, ko wadda ta auri ɗan Aljeriya, na iya nema in auren ya shekara 3, an kuma zauna a ƙasar shekara 2 bisa ƙa'ida. Auren da hukuma ta sani ake nufi. Na fatiha kawai, wanda aka ɗaura a tanti ba a kai shi ofishin magajin gari ba, sai an je kotu ta tabbatar da shi, kuma aure da baƙo yana buƙatar izinin gwamnan jiha, wato wali. Masu ce muku ku biya kuɗi a ɗaura auren takarda, ku sani dokar 2008 ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 a kansa.

Ke kuma baiwar Allah 'yar Aljeriya da ke auren ɗan Nijar ko ɗan Mali, saurara da kyau. Tun 2005 ɗan da uwarsa 'yar Aljeriya ce ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, daidai da wanda ya samu ta wajen uba. Ba ya jiran shekara 7, ba ya jiran ko kwana ɗaya. Abin da ke hana shi cin wannan haƙƙi shi ne rashin rajistar haihuwa. A arewacin ƙasar kwana 5 ake bayarwa, a jihohin kudu irin tamu kwana 20. In lokacin ya wuce sai an bi ta kotu, ga kuɗin mota, ga neman shaidu. In haihuwa ta zo a daji, ranar suna a yanka rago, kashegari wani ya kama hanyar Abalessa ko ofishin da ya fi kusa.

Wasu kuma tsoronsu kada su rasa ƙasarsu ta asali. A da dokar Aljeriya tana neman ka rubuta cewa ka bar taka, gyaran 2005 ya soke wannan. Nijar ma tun 2014 ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu, haka tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarje wa wanda ya gaji ƙasar ta haihuwa. Kada kuma a ɗauka Aljeriya ce ta fi tsanani wajen adadi: baƙo a Nijar shekara 10 yake jira, a Najeriya 15.

Mai kati a aljihu, ciro shi yau ka duba ranar ƙarewarsa, ka duba hatimin fitarka na ƙarshe, kafin ka yanke ranar da za ka kora dabbobi kudu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gai da mutanen gida.