Yakuwa a Tukunya: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Birane



Da yawanmu mun shuka yakuwar gida a tukunya, ta yi ganye shar amma ta ƙi fure. Dalili kuwa, yakuwa ba ta yin fure sai dare ya fara tsawo, wajen Satumba zuwa Oktoba. Fitilar lantarki da ke kwana a kanta ruɗa ta take yi, don haka mu kawar da tukunyar daga hasken. Mu huda gindinta, ta sha rana awa 6, mu rage takin yuriya, domin yawansa ganye yake haifarwa. Kimanin mako 3 bayan fure sai tsinkar zoɓorodo.

Mu ajiye iri, 'ya'yanmu su san abin da garinsu ke nomawa.