Karatun Share Fage Ba Abin Kunya Ba Ne



Mun taru yau ne a kan ƙannenmu na Batsari da Safana, waɗanda ke zuwa ƙofar jami'a kowace shekara, jarrabawa ta mayar da su gida. Tun 1978 hukumar JAMB ke tantance masu neman shiga, a 2005 kuma jami'o'i suka ƙara tasu jarrabawar. Ba mu ƙi awo ba. Amma mudu ba ya ƙara hatsi, abin da aka zuba masa shi yake nunawa.

To, me aka zuba wa yaron Ruma ko na Runka? Ƙauyukan bakin dajin Rugu sun sha fama da 'yan bindiga, iyalai suka yi ƙaura, karatu ya tsinke. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A 2021 aka katse layukan waya a Batsari da Safana na wani lokaci. Wannan yaro ne ake zaunarwa gaban kwamfuta ya kara da ɗan birni. In ya faɗi, ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba, shekarun da aka ƙwace masa ne suka bayyana.

Magabatanmu sun san maganin. A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya, domin makarantun Arewa ba sa fitar da isassun ɗalibai. Wasu daga cikin manyan ma'aikatan da muke girmamawa sun san wannan hanya. Daga baya jami'ar ta kafa wata a Funtuwa. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana.

Saboda haka muna kira uku. Ƙananan hukumominmu su ɗauki nauyin kuɗin share fage ga 'ya'yan talakawa. Ma'aikata daga cikinmu su taimaka da kuɗin rajista. Mu ɗalibai kuwa, mu yi amfani da dogon hutu mu koyar da Turanci da Lissafi a garin Batsari da garin Safana, tunda nan ne ƙannenmu suka fi tuntuɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma mu ƙara jin wani cikinmu yana yi wa ɗan share fage dariya.

Allah ya taimake mu. Wassalamu alaikum.