Gyaran moto: wane ƙarfe ya kamata a fara saye?

Jawabi ga ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumar Belbeji



Zancen yau na moto ne, wato babur. A ƙasar Damargu moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Tun shekarar 2011, da Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma, shi ke kawo mutanen ƙauye neman takardu.

In kaka ta yi, kuɗi suka shigo hannu, sai mai moto ya nufi makanike. Yana so injin ya ƙara ƙarfi. Wani ya ce a sa masa babban fistan. Wani ya ce a huda salansa don ta yi ƙara. Kuɗin noman shekara ne za su tafi. To, da me ya kamata a fara?

Ga amsa a taƙaice: a fara da abin da ƙura da rairayi ke ci. Fistan shi ne na ƙarshe.

Na ɗaya: matatar iska

Inji yana numfashi kamar mutum. Kafin ya ƙona lita 1 ta isansi, wato fetur, sai ya shaƙi iska kimanin lita 9.000. Wannan ya kai tano 45 masu cin lita 200. A yi tunanin ƙurar da ke cikin wannan iska lokacin hunturu. Matatar iska ita ke tare ta. In ta toshe, inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan isansi. In ta yage, ko aka cire ta wai don a ƙara gudu, ƙura ta shiga ta goge fistan da zobbansa kamar dutsen wasa wuƙa. Matata ta soso, a wanke ta, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, sai a kakkaɓe ko a sake sabuwa.

Na biyu: baƙin mai da isansi mai tsabta

Ƙaramin inji yana cin baƙin mai kimanin lita 1. Shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma yana rage zafi. A ƙasa mai ƙura ya kyautu a juye shi a kowane kilomita 1.000. Isansi kuma a tace shi. Ko da daga matatar SORAZ ya fito, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, in ya kwana cikin jarka mai dauɗa zai toshe kaburato, inda isansi ke gamuwa da iska. Ƴar matatar da ake ɗaura wa tiyon isansi tana cikin kaya mafi araha.

Na uku: buji

Buji, wanda ƴan Nijeriya ke kira fulogi, shi ke ba da wuta. Kuma shi ne mai ba da labarin cikin inji. A kwance shi a duba bakinsa. In launin ƙasa ne, inji lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, isansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima. In ya jiƙe da mai, zobban fistan sun gaji. Mai tafiya daji ya riƙe buji guda na ajiya da makullinsa.

Na huɗu: sarƙa da faifan haƙora

Nan ne mai son ƙarfi zai samu biyan bukata. Sarƙa tana zagaya faifai biyu masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a tayar baya. A ce ƙaramin yana da haƙora 14, babban yana da 42. Sai ƙaramin ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. In aka sa babba mai haƙora 45, ƙarfin ja zai ƙaru da kimanin 7 cikin 100, gudu kuma ya ragu kaɗan. Wanda ke bin kwalta daga Tanut zuwa Damagaram yana iya son gudu. Amma mai hawan tudun rairayi a ƙasar Tarka da buhu a baya, ja yake bukata. In za a sake, a sake sarƙa da faifan biyu tare, don tsohon faifai yana cinye sabuwar sarƙa. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu.

Na biyar: kuloci da birki

In inji yana kuka amma moto ba ya ja, a duba faifan kuloci tukuna. Rairayi da kaya masu nauyi suna ƙone su. Birki kuwa ba ya cikin inji, amma duk wanda ya ƙara ƙarfi ya bar birki da rauni, ya sa ransa da na wanda ya goya cikin haɗari.

Na ƙarshe: fistan

Yawancin motocin da ake hawa a nan injinsu mai lamba 125 ne ko kusa da haka. Iska ce kaɗai ke sanyaya su. A cikin rairayi moto yana tafiya sannu, iska ba ta dukan injin sosai, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Babban fistan yana ƙara wuta, ya ƙara shan isansi, ya ƙara wa sauran ƙarafan nauyin da ba don shi aka ƙera su ba. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Ana taɓa fistan da zobba ne in moto yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, ƙarfi kuma ya tafi. A sa daidai girman da makanike ya auna. Huda salansa kuwa ƙara kawai yake kawowa, ya firgita dabbobi, ya hana maƙwabta barci.

Amfanin karatu

Wanda ya iya karatu ya fi saura riba a nan. Zai karanta lambar da ke jikin tsohon buji, ya sayo irinsa. Zai ƙirga haƙoran faifai da kansa. Zai samu ɗan littafi ya rubuta ranar da aka juye mai, da lambar kilomita, da kuɗin da ya biya. Ba wanda zai sayar masa da abin da ba ya bukata.

Tambayoyi don mahawara a cibiya

1. Me ya sa fistan ya zo a ƙarshe?
2. Ƙaramin faifai mai haƙora 15, babba mai 45: sau nawa ƙaramin zai juya kafin taya ta juya sau 1?
3. Me baƙin buji yake nunawa?

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.