Jawabin Yaye Ɗaliban Nazarin Sararin Samaniya ta Rediyo

 

Ɗalibai, darasin da ya fi cin lokacinku a wannan horo shi ne daidaita awo, a kansa kuwa nake son in yi magana, domin na san akwai masu ganinsa aikin wahala marar suna.

Bari in ba ku misali. A ranar 18 ga Yuli, 2011, Rasha ta harba kumbon Spektr-R daga Baikonur, ɗauke da faifan eriya mai faɗin mita 10. Shi ne shirin RadioAstron, wanda marigayi Nikolai Kardashev ya jagoranta daga Cibiyar Lebedev da ke Mosko. Kumbon ya riƙa yin nisan kusan kilomita 350,000, dab da nisan wata, yana sauraren sama tare da manyan eriyoyi na ƙasa a lokaci guda. Idan aka haɗa abin da suka ɗauko, sai su zama ido ɗaya wanda ya ninka faɗin duniya sau da yawa. Da wannan ido aka bi gungun taurari masu ƙuna sama da 200, waɗanda baƙin rami ke tsakiyarsu yana feso wuta.

Abin da ya riƙa saukowa daga kumbon zuwa tashoshin karɓar saƙo na Pushchino da Green Bank ba hoto ba ne. Shuu ne kawai, irin na rediyon da bai kama tasha ba. Kafin ya zama ilimi, sai an san inda kumbon yake da gudun da yake yi a kowace daƙiƙa, sai an daidaita agogonsa da na kowace eriya, sannan kwamfuta ta laluba har ta gano inda saƙonnin biyu suka dace. Bayan nan sai awon ƙarfi: nawa ne na tauraro, nawa ne hayaniyar na'urar kanta? Eriyar ƙasa takan ɗan lanƙwashe idan ta sunkuya, tururin ruwa a iska kuma yana cinye saƙo mai zangon santimita 1.3. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa idan mudu ya lotsa, lissafin buhu duka ya ɓaci.

Ga dalilin da ya sa abin yake da nauyi. Masana sun daɗe da lissafa cewa zafin hasken cibiyar irin waɗannan gungu bai kamata ya wuce digiri tiriliyan 1 ba. Da RadioAstron ya auna ɗaya daga cikinsu mai suna 3C 273, sai aka sami sama da tiriliyan 10. Sakamako irin wannan yana tilasta a sake duba ka'ida, amma fa sai in awon ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa aka tsaya aka bincika rawar da iskar da ke tsakanin taurarin gungunmu take takawa wajen karkatar da saƙo. A ganina, wannan tsantseni ya fi lambar kanta daraja.

Kumbon ya daina amsa umarni a watan Janairun 2019, amma bayanansa suna nan a ajiye suna jiran masu haƙuri. A nan yankinmu ma, Ghana ta mayar da tsohuwar eriyar sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ta zama ta nazarin sama a 2017.

'Ya'yana, lambar da kuka sa hannu a kanta amana ce. Ku rubuta duk gyaran da kuka yi da dalilinsa, kada ku jefar da awo don bai yi muku daɗi ba, kuma ku koyar da na bayanku. Iyaye, ku ci gaba da dafa musu, karatun nan mai tsawo ne.

Allah Ya sa albarka a iliminku, Ya mai da kowa gida lafiya.