Soyayyen Kifi a Bakin Dam ɗin Dadin Kowa

A Japan mutum kan zauna a bakin teku ya ci sushi, wato shinkafa da yankan ɗanyen kifi a kai. Mu a Gombe ba mu da teku, amma Allah ya ba mu dam ɗin Dadin Kowa a kan kogin Gongola. Je ka da hantsi ka ga masunta na sauke karfasa da tarwaɗa daga kwalekwale, ana feɗewa, mai na tafasa a kasko, ga yaji a gefe. Ɗanye kam ba namu ba ne, don kifin kogi kan ɗauki tsutsa, sai ya ji wuta sosai. Roƙona ga hukuma, a gina wa masu suyar nan rumfuna masu tsabta, da benci da ruwan wanke hannu.