Uba da 'Ya'yansa

Yau maganarmu da magidanta ce.

Da yawa cikinmu muna tsammani in uba ya kawo hatsi da cefane ya gama nasa, reno kuwa aikin mata ne. Waɗansu ma kunyar ɗan fari takan hana su ko ɗaukarsa. To, ku sani, uban da ya saba wasa da ɗansa yakan gane da wuri ran da yaron ba shi da lafiya.

Jariri yana jin magana tun ran da aka haife shi. Ka wanke hannu da sabulu, ka ɗauke shi, ka tallafi kansa, ka yi masa magana. Kada ka jijjiga shi da ƙarfi ko ka cilla shi sama, gama wuyansa bai yi ƙwari ba, kuma jijjigar tana iya yi wa ƙwaƙwalwarsa lahani. Wajen wata 6, sa'ad da ya fara zama, ka zuba tsakuwa cikin ɗan gora, ka toshe sosai, ka kaɗa a bayansa. In kullum ba ya waiwayowa, kai shi ɗakin shan magani a duba kunnensa. Wata 9 kuwa lokacin allurar ƙyanda ne, sai ka raka uwarsa da kanka.

Daga shekara 1 zuwa 3, ka riƙe hannunsa ku yi tata a tsakar gida. Ka nuna masa akuya da kaza, kana faɗin sunansu, da haka bakinsa zai buɗe. Amma ka nisanta shi da murhu da bakin rijiya, kada kuma ka ba shi ƙwayar gyaɗa, don tana iya shaƙe shi. In ka ga ya daina wasa, jikinsa da zafi, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada a kwana ba a kai shi wurin malamin asibiti ba.

Ɗan shekara 4 zuwa 7 yana son tatsuniya da kacici-kacici. Ku ƙera motar kara tare. Ga lokacin koya masa wanke hannu kafin cin abinci da bayan zagayawa.

In ya kai shekara 8, ka tafi da shi gona, ka ba shi 'yar fartanya daidai ƙarfinsa da kunya guda tasa. Da dare ku buga dara. Ka hana shi wankan kududdufi, gama nan ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Duk abin nan da muka faɗa, har da 'ya'ya mata. Ba ya kuma cin ko kwabo, sai ɗan lokaci bayan sallar magariba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.